Kafin Almakashi Ya Taɓa Yadi

Assalamu alaikum, masu karatu. Da na zauna tantance wasiƙun wannan wata, sai na tarar guda shida duk bakinsu ya zo ɗaya: suna tambaya a kan allon nan da masu ɗinki da masu adon ɗaki ke liƙa hotuna da ƙyallaye a jikinsa kafin su fara aiki. Don haka na ba su filin gaba ɗaya. Waɗanda suka yi tambaya a kan maganin gara mai cin katako da wankin kafet su ƙara haƙuri, sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.

Tambaya: Anti, barka da aiki. Shekarata shida da buɗe shagon ɗinki. Wata amarya ta kawo mini kayan biki kala bakwai, ta ce kafin in yanka sai na fara yi mata "mudbod". Na ce to, don kada in ji kunya, amma wallahi ban san ko mene ne ba. Mene ne shi, kuma dole ne sai an yi? — Mai ɗinki, Tudun Wada, Zariya

Amsa: Ƙanwata, kin san shi sarai, sunan ne baƙo. Duk ranar da kika ɗora ƙyallen leshi a kan shadda, kika jawo zare kala uku kika jera a gefe, kika ja da baya kika ƙanƙance ido kina dubawa, to shi kike yi. Ke dai kina yi a kan teburin yanka ki share, su kuma suna liƙawa a kwali ya zauna har mai kaya ta gani ta amince.

Kalmar ta Ingilishi ce mai gaɓa biyu, ta farko tana nufin yanayin da zuciya ke ciki, ta biyu allo. Ni allon yanayi nake ce masa, yaran shagona kuwa "allo" kawai suke cewa. Ana ɗora masa duk abin da zai nuna inda aikin ya dosa: ƙyallen yadi, zare, maɓalli, hoton wuyan riga da aka yanko daga mujalla, ɗigon fenti a takarda, wani lokaci har busasshen ganye in launinsa ake nema. Ba shi ne zanen rigar ba, zane daga baya yake zuwa. Abin da allon ke warwarewa shi ne: amaryar nan, ranar kamu, so take ta fito da nauyi da kwarjini irin na gidan sarauta, ko kuwa da sauƙi da sanyi? Kala mai ɗaukar ido take so, ko wadda sai an matso za a ga kyanta?

Bari in gaya miki abin da ya sa na daina taɓa almakashi babu allo. A shekarata ta biyu da fara aikin jere, wata Hajiya ta ba ni ɗakin 'yarta. Muka zauna a falonta, ta ce labule ruwan goro take so, kujeru ruwan madara. Na ce an gama. Na shiga Kantin Kwari na auno yadi talatin da biyu na ruwan goron da na sani, launin nan da goro ke komawa in an tauna shi, ja-ja mai surkin ruwan lemo. Muka kwana uku muna ɗinki, muka kafa. Ana saura kwana huɗu kai amarya Hajiya ta zo, ta tsaya a bakin ƙofa ba ta ce uffan ba. Can ta buɗe jakarta, ta warware wani jiƙaƙƙen ƙyalle, ta ɗauko jan goro ƙwaya ɗaya ta ɗora mini a tafin hannu. Ta ce, "'Yata, wannan nake nufi." Launin bayansa take nufi, jan nan mai duhu da ke karkata zuwa ruwan hoda. Ita ba ta canza magana ba, ni ma ban saɓa umarni ba. Muka raba asarar, na sauke labulen nan da hannuna, kuma har yau in na tuna ranar sai in ji sanyin goron a tafina.

Ki lura da yadda muke kiran launi da Hausa: ruwan toka, ruwan ƙasa, ruwan zuma, ruwan ɗorawa, ruwan omo, ruwan siminti. Kusan kowanne da wani abu muke kwatanta shi. To amma ƙasa akwai ja, akwai fara, akwai baƙa ta fadama. Zuma akwai fara akwai mai duhu. In ke ƙasar garinku ce a ranki, mai kaya kuma ta garinsu, rigima tana jiranku ranar karɓar ɗinki. Gani ya kori ji, amfanin allon ke nan na farko.

Yadda za ki yi wa amaryarki ba wuya. Ki samu kwali mai ƙwari guda bakwai, ko da irin wanda ake sakawa cikin sabuwar riga ne, kowace kala da nata. A saman kowanne ki rubuta ranar da za a sa kayan: sa lalle, kamu, ɗaurin aure, dina, buɗar kai, da sauransu. Ki yanko ƙyallen babban yadin da faɗi, na haɗin kuma ƙarami, daidai da yadda za su zauna a jiki. In kika yanka su girma ɗaya, idonta zai ɗauka rabi da rabi za a yi. Ki naɗa zaren aikin a ɗan tsinke ki liƙa, da duwatsun ado in akwai, da ƙyallen ɗankwali da na mayafi. Hoton salon ɗinki ɗaya ko biyu ya wadatar.

Sai ku fita da shi tsakar gida ku duba a hasken rana, kamar yadda masu wayo ke janyo atamfa zuwa bakin shago a Kwari, sannan ku sake dubawa da dare a ƙarƙashin ƙwan lantarki. Akwai ruwan hodar da ke dushewa ta koma kusan ruwan toka a ƙwai mai farin haske, kayan dina kuwa da dare ake sa su. In ta amince, ta sa hannu da kwanan wata a bayan kwalin, ki ɗauki hotonsa ki tura mata ta WhatsApp. Ba wai kina zarginta ba ne. Amarya tana da ƙawaye goma da gwaggo biyar, kowacce da ra'ayinta, kuma mutum kan manta abin da ya zaɓa wata biyu baya.

Ɗinkin yau da gobe ba ya buƙatar duk wannan. Amma kala bakwai na biki, da leshi mai tsada wanda in ya lalace ba a samun ragowarsa a kasuwa, ni dai zan yi.

Tambaya: Malama, ni ɗalibi ne mai karatun zane. An ba mu aiki mu rubuta tarihin allon yanayi. Wa ya ƙirƙiro shi, kuma a wace shekara? — Ɗalibi, Katsina

Amsa: Ɗana, kada ka ɗora shi a kan mutum ɗaya. Ƙoramu da yawa ne suka haɗu suka yi kogin nan, zan ba ka waɗanda na fi ganin sawunsu a aikinmu na yau.

Mafi daɗewa ita ce ta 'yan kasuwar yadi. Tun a ƙarni na 18 masaƙun siliki na Lyon a Faransa da na auduga a Manchester ta Ingila suna liƙa ƙananan ƙyallaye a littafi, kowanne da lambarsa, wakili ya zaga da shi, mai saye ya zaɓa kafin a aiko masa da dila. Masu sa tufafin su ma suka ɗauka. A ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasar Faransa da ke Paris akwai littafin ƙyallayen rigunan Sarauniya Marie Antoinette na shekarar 1782. Hadimarta ta kusa, Madam Campan, ta rubuta cewa da safe akan kawo wa sarauniya irin wannan littafi, ta soka allura a kan rigunan da za ta sa a ranar. Amma wanda ya fi kwanta mini shi ne na wata Baturiyar Ingila mai suna Barbara Johnson, 'yar wani limamin coci. Tun tana shekara takwas, a 1746, aka fara littafin nan, ta riƙe shi har 1823. Duk rigar da aka ɗinka mata sai ta maƙala ƙyallenta, ta rubuta kuɗin yadi da yawansa da shekarar, a gefe kuma ta liƙa hotunan yayin zamanin da ta yanko daga ƙananan littattafan aljihu. Yana nan a gidan tarihin Victoria da Albert a Landan. Ƙyalle, hoto da 'yar magana a shafi ɗaya: siffar allonmu ce ta fito sak, sai dai ita tana ajiye abin da ya wuce ne, mu muna shirya abin da zai zo.

Daga nan sai makaranta. A 1919 Walter Gropius ya kafa makarantar zane da gini ta Bauhaus a garin Weimar na Jamus. Malamin da ya fara riƙe ajin share fage, Johannes Itten, yakan sa ɗalibai su tattaro katako, gilashi, gashin dabba, ƙarfe da tsumma, su jera su gefe da gefe, su shafa da yatsa ido a rufe, har su koyi bambancin kaushi da santsi, tauri da laushi. 'Yan Nazi suka matsa wa makarantar har ta rufe a 1933, malamanta suka watsu, ɗayansu, Moholy-Nagy, ya buɗe sabuwa a Chicago a 1937, darasin ya bazu a makarantun zane na duniya. Lokacin ina ɗaliba a Zariya ni ma na yi yawon tsintar ɓawon itace da guntun buhu da fasasshen tayil ina liƙawa a kwali, sai daga baya na san inda abin ya samo tushe.

Wanda nake so ka ba shi shafi guda cur shi ne Aby Warburg, masanin tarihin zane ɗan birnin Hamburg. Babban ɗa ne a gidan masu banki. Ƙaninsa Max ya ba da labari cewa Aby yana ɗan shekara 13 ya sallama masa gadon shugabancin bankin, da sharaɗin zai saya masa duk littafin da yake so har ƙarshen rayuwa. Da haka ya tara laburare mai ban mamaki, kuma yana jera littattafansa bisa abin da ya kira dokar maƙwabtaka ta gari: littafin da kake buƙata sau da yawa ba shi ne wanda ka zo nema ba, wanda ke kusa da shi ne a kan kanta. A 'yan shekarun ƙarshen rayuwarsa ya mayar da dokar nan kan hotuna. Ya sa aka yi masa manyan alluna na katako, aka lulluɓe su da baƙin yadi, yana maƙala hotunan tsofaffin sassaƙe-sassaƙen Girka da Rum, da zanen Italiya, da taswirar taurari, da kan sarki na wasiƙa, da tallace-tallace, har da hoton wata 'yar wasan golf da ya yanko daga jarida. Abin da yake bi shi ne yadda motsin jiki ɗaya, kamar ɗaga hannu ko kaɗawar gefen riga a iska, ke ɓacewa ya sake ɓullowa bayan ɗaruruwan shekaru. Yakan cire hoto daga nan ya mayar can, a ɗauki hoton allon, ya sake sauyawa. Da ya rasu a watan Oktoba na 1929 ya bar alluna 63 ɗauke da hotuna 971, aikin bai kammala ba. An kwashe laburarensa zuwa Landan a 1933 don tserar da shi daga 'yan Nazi. Allunan kansu ba su tsira ba, hotunansu ne suka rage, da su aka yi amfani aka sake haɗa aikin aka baje shi a Berlin a 2020.

Ka rubuta gaskiya a aikinka: Warburg ba ɗaki yake ƙawatawa ba, ba riga yake zanawa ba, bincike yake yi. Amma shi ya nuna abin da duk mai haɗa allo ke gani da idonsa, cewa hoto yana sauya ma'ana gwargwadon wanda ke zaune kusa da shi. Ka ɗora ruwan ɗorawa kusa da baƙi ka ga yadda yake haskawa, ka mayar da shi kusa da fari ka ga ya yi sanyi. Shi ya sa na fi son fil a kan gam har sai an gama shawara.

Sai batun launi da lamba. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya katse wa masana'antun tufafi na Amurka katunan launi da suke samu daga Faransa da rinin da suke saye daga Jamus, sai suka kafa ƙungiyar katin launi tasu a New York a 1915, don mai hula da mai safa da mai ƙirtani su fitar da kaya masu dacewa da juna. A 1963 Lawrence Herbert ya fito da tsarin Pantone, inda kowane launi ke da lambarsa da ma'aunin haɗa tawadarsa. Da a ce ni da Hajiyar da na ba da labarinta a sama muna da kati irin wannan a gabanmu, da yadi talatin da biyu bai salwanta ba.

Da mujallu masu launi suka yi araha, gidajen ɗinki da kamfanonin talla da masu adon ɗaki suka mayar da almakashi da gam kayan aikin kullum. Kwamfuta ta karɓa daga baya: manhajar gyaran hoto ta Photoshop ta fito a 1990, shafin tara hotuna na Pinterest a 2010, manhajar haɗa zane ta Canva daga Ostareliya a 2013. Sunan Pinterest ma daga fil ɗin da ake soka hoto da shi a allo ya samo rabinsa.

In malaminku mai son a duba gida ne, ka ƙara masa ɗan ƙyallen anko da uwar biki ke yankowa ta zaga da shi gidajen dangi, da fostar salon ɗinki da ke bangon shagon kowane tela, wadda mai kaya ke nuna wa da yatsa ta ce hannun wannan, wuyan waccan.

Tambaya: Anti, aurena saura wata uku. Na tara hotunan ɗakuna sun fi 600 a wayata, duk suna burge ni, amma da kafinta ya tambaye ni me nake so sai na rasa ta cewa. Kaina ya ɗaure. — Amarya mai jiran gado, Gombe

Amsa: Allah ya sanya alheri, 'yata, ya kai mu ranar lafiya. Abin da ke wayarki rumbu ne, bai zama allo ba tukuna. Tarawa kowa ya iya, yatsa ɗaya ke yi. Aikin yana wajen cirewa, kuma a nan ne yawancin amarena ke jin zafi.

Ki zauna dare ɗaya ki rage su zuwa talatin, ba tare da dogon tunani ba. Washegari ki jera talatin ɗin ki nemi abin da ke ta maimaituwa. Na taɓa yin haka da wata amarya da ta rantse zinariya da ƙyalli take so, amma da muka jera hotunanta, ashirin da biyu a ciki katako ne mai duhu da farin zanin gado, babu ƙyalli ko ɗigo. Ƙyallin na ƙawayenta ne, katakon nata. In kin gano naki, ki rubuta kalma uku a takarda, misali sanyi, sarari, sauƙin shara. Duk hoton da bai dace da kalmomin nan ba ya fita, ko da ya fi duka kyau. Ki tsaya a kan takwas ko tara.

Kafin ki liƙa ko ɗaya, ki fara da abin da ba ki da ikon sauyawa. Tayil ɗin gidan wane launi ne? Taga nawa ce, ina take kallo? Akwai kafet ɗin da gwaggo ta riga ta saya, wanda in ba a shimfiɗa ba za a yi fushi? Su za su fara hawa allon, sauran su biyo su. Ki kuma auna ɗakin da tef, domin hotunan intanet da yawa na manyan ɗakuna ne, an kuma ɗauke su da kyamarar da ke ƙara musu faɗi. Gadon da ya zauna daram a hoto zai iya hana ƙofar durowarki buɗuwa.

Ina da magana a kan fararen ɗakunan nan da suka cika wayoyin 'yan mata. Da yawansu salon arewacin Turai ne. A birnin Stockholm na Suwidin, a watan Disamba, hasken rana wajen awa shida ne kawai a yini, dole su nemi fari ya tattaro musu ɗan hasken da suka samu. Ke kuwa rana kike neman tsari da ita, ga ƙurar hunturu da ke shigowa ta ƙarƙashin ƙofa. Farar kujera mai gashi-gashi a Gombe aikin wanki ce har abada. Ki ɗauki sararin da natsuwar da ke hoton, ki nemo launin da zai jure garinku.

Kuma kada ki amince da launin da waya ta nuna miki. Gilashin waya haske yake fitarwa, yana haɗa ja da kore da shuɗi ya ba ki kala. Yadi ba shi da hasken kansa, wanda ya sauka a kansa yake mayarwa. Shi ya sa koren da ke walƙiya a waya in ya zo a labule sai ki ga ya dushe. Ki je kasuwa ki roƙi ƙyalle, ki karɓi katin fenti, ki ce kafinta ya ba ki guntun katakon da zai yi aikin da shi. Ki jera su yadda suke a ɗaki: na ƙasa a ƙasan kwalin, bango da labule a tsakiya, silin a sama, kowanne girmansa gwargwadon wurin da zai cinye. Sai ki kai wa mahaifiyarki ta gani tun kafin a ba kafinta kuɗi, tunda su ke yin kayan ɗakin. Tun ran gini ran zane.

Tambaya: Anti, ni mai ɗaukar hoto ne a harkar fim. Ina ji ana cewa allon yanayi, ana kuma cewa allon labari. Ba abu ɗaya ba ne? — Mai kyamara, Kano

Amsa: Ba ɗaya ba ne, ƙanena. Allon labari, wanda Turawa ke kira sitoribod, jerin zane ne bi da bi: wannan fitowa ta farko, kyamara a nan, sai wannan, sai wannan. Ya kafu ne a kamfanin Disney a farkon shekarun 1930, inda ake danganta shi da wani mai zane, Webb Smith, da ya riƙa zana kowace fitowa a takarda daban yana maƙalawa a bango a jere. In ka sauya jerin, labarin ya rikice. Allon yanayi ba shi da farko ba shi da ƙarshe, kallo ɗaya ake yi masa. Shi zai gaya maka da mai kwalliya da mai sutura da mai neman gidan da za a ɗauka cewa fim ɗin nan hasken la'asar ne da bangon ƙasa da shuɗin rini, don kada jaruma ta iso wurin ɗauka da leshi mai walƙiya a gidan da aka ce talauci ya yi wa katutu. Shi ake fara yi, allon labari ya biyo baya.

Tambaya: Hajiya, shekarata arba'in ina aikin kafinta. A da mutum zai zo ya ce in yi masa gado, in duba shi in duba ɗakinsa in yi. Yanzu yaro zai miƙo waya ya ce "irin wannan sak." Wannan allon da kuke koya musu ba satar fasaha yake koyarwa ba? — Kafinta, Damagaram

Amsa: Baba, Allah ya ƙara girma. Kukanka yana kan hanya, ni ma abin yana damuna. Ka shiga ɗakin amarya a Kano, ka shiga a Maraɗi, ka shiga a Kaduna, gado ɗaya ne, fitila ɗaya, bango ɗaya, domin duk hoto ɗaya suka gani. Manhajojin nan in ka taɓa hoto sai su ƙaro maka irinsa ɗari, haka kowa ke zagayawa ya dawo wuri ɗaya.

Amma hoto ɗaya da aka ce a kwafa ba allo ba ne. Ƙa'idar da nake ba yarana ita ce: in kujera za ku yi, kada kujera ta hau allon. An taɓa ba ni adon wani gidan abinci a Kano, mai shi ya zo da hotunan gidajen abinci na Dubai da Istanbul guda ashirin. Na roƙe shi mako ɗaya. Na je marinar Ƙofar Mata na sayo ƙyalle biyu, ɗaya shuɗi mai haske, ɗaya wanda aka yi ta tsomawa har ya kusa baƙi. Na shiga Kurmi na samo guntun jar fata da faifai. Na ƙara da hoton rufin wani tsohon soro mai bakan gizo, da jar ƙasa cikin 'yar leda. Da na ajiye allon a gabansa ya daɗe yana jujjuya faifan a hannunsa, sannan ya ce irinsa kakarsa ke rufe ƙwaryar fura da shi. Kafintan da ya yi aikin, dattijo ne kamarka, shi ya ɗauki lanƙwasar bakan gizon ya sa a bayan kujerun, ba ni na ce masa ba. Saƙar faifan kuma ta koma murfin fitilu.

Ku a Damagaram ai kuna zaune a kan arziki. Zanen da ke fuskar gidajen unguwar Birni kaɗai ya isa ya ba ka kan gado goma da babu irinsu a wayar kowa. In yaro ya miƙo maka hoto, ka tambaye shi me ya burge shi a ciki, tsayin ne, launin ne, ko santsin katakon. Sau da yawa abu ɗaya ne tak. Ka ba shi wannan, sauran ka yi da idonka na shekara arba'in.

Tambaya: Anti, na kwana biyu ina yawon kasuwa na haɗa wa wata allon adon wurin biki. Ta ɗauki hotonsa, ta ce za ta kira ni, ashe wa wani mai araha ta kai. Ya zan yi gaba? — Mai adon biki, Kaduna

Amsa: Sannu, ƙanwata, na san zafin. Allo aiki ne, kuma shi ne ɓangaren da ya fi cin tunani, don haka ki sa masa kuɗi. Ki faɗa tun a zaman farko: kuɗin allo kaza ne, in aikin ya zo hannuna zan cire shi daga jimla, in kin kai wani wuri kin biya abin da kika ɗauka. Mai niyyar aiki da ke ba za ta ƙi ba. Sunayen shagunan da kika samo kayan da lambobin fenti kuwa ki riƙe su a littafinki, kada su hau allon sai an ba da kafin alƙalami.

In an gama aiki kada ki yar da shi. Nawa suna cikin wata tsohuwar akwatin ƙarfe a shago, kowanne da shekararsa a baya. Bara wata da na yi wa jere shekara tara da suka wuce ta dawo, yanzu da 'ya'ya uku, labulen falonta ya tsufa amma kujerun suna nan da ƙwarinsu, tana so a yi sabo da zai dace da su. Muka buɗe akwatin muka lalubo allonta. Ƙyallen kujerar yana nan yadda muka liƙa shi, bai ga rana ba, har ya fi na falon duhu kaɗan. Na je gidan na kara shi da kujerar na ga gwargwadon yadda ta koɗe, sannan na ɓanɓaro shi na sa a jaka na nufi Kwari.